HAƘƘIN ZOMO A KAN MAI KIWONSA: YADDA AKE CETO SHI DA NEMA MASA LIKITA

Wannan shi ne bayanin da wani ɗan'uwa likitan dabbobi ya gabatar wa matasa a zaman karatunsu na mako-mako bayan sallar La'asar, bisa roƙon iyayen yara da suka koka da yadda zomaye ke mutuwa a hannun 'ya'yansu.

Bayan ya yi godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzon Rahama (SAW), Malam Likita ya fara da cewa ya san akwai waɗanda suka yi murmushi da suka ji wai a kan zomo za a yi lacca, alhali ga manyan matsaloli sun dami al'umma. Ya ce to ba laifi, amma duk wanda aka ba shi amanar rai ɗaya mai nauyin kilo 2 ya tozarta ta, ai da wuya a damƙa masa amanar jama'a ya riƙe. Ya ce tarbiyya daga ƙaramin abu take farawa, kuma mafi yawan 'yan'uwan da ke zaune a wurin ba su taɓa mallakar wani abu mai rai ba kafin zomo ko tattabara.

ABIN DA YA JAWO MAGANAR

Daga nan sai ya ba da labarin abin da ya gani da idonsa a wata unguwa cikin watan Afrilu. Ya ce wani yaro ne ya tara kuɗinsa ya sayi zomo da zomanya, suka hayayyafa har suka kai 9, sai aka kai shi makarantar kwana, ya tafi bai damƙa su a hannun kowa ba. Ƙannensa suka riƙa watsa masu dusa in sun tuna. Kejin kuwa na jikin katanga ne, rufin kwano, rana tana dukansa tun daga hantsi har La'asar. Lokacin da aka kira shi, 4 sun riga sun mutu, sauran kuma kunnuwansu sun cika da ɓawon ƙazuwa. Abin da ya fi ba shi takaici shi ne, biyu daga cikin waɗanda suka mutu ba yunwa ko zafi ne ya kashe su ba. Wani maƙwabci ne mai kyakkyawar niyya ya je kemis ya sayo kafso ya kwance ya zuba masu a ruwan sha. Ya ce wannan mutum taimako ya yi nufi, amma rashin sani ya mayar da taimakon nasa guba.

Malam Likita ya ce a cikin wannan labari akwai darussa uku da zai yi magana a kai: nauyin da ke kan mai kiwo, yadda ake ceto dabbar da aka wulaƙanta, da kuma yadda ake gane likitan da ya san zomo.

NAUYIN DA KE KAN MAI KIWO

Ya tunatar da mahalarta cewa aya ta 38 a Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye su ma al'ummai ne irin namu. Ya kawo ma'anar hadisin matar nan da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Ya ce 'yan'uwa su lura da kyau, ba a ce matar ta doki kyanwar ko ta yanka ta ba, kulle ta kawai ta yi ta juya baya. To mene ne bambancin wannan da mai keji wanda ya fita ƙwallo tun safe ya bar zomo babu ruwa? Wal'iyazu billah.

Sannan ya kawo ma'anar hadisin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, domin a ga cewa kamar yadda ƙofar azaba take a buɗe ta wannan fuska, haka ƙofar lada take. Ya kuma ambaci Abu Umair, ƙanen Anas bin Malik, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, da tsuntsun ya mutu Manzon Allah (SAW) ya same shi cikin damuwa ya rarrashe shi. Ya ce malamai sun kafa hujja da wannan a kan cewa ajiye dabba don sha'awa ba laifi ba ne matuƙar an ba ta haƙƙinta, kuma malaman fiƙihu sun ɗora ciyar da dabba a kan mai ita, in ya kasa sai ya sayar ko ya bai wa wanda zai iya.

ZOMON GIDA BA ZOMON DAJI BA NE

Likitan ya ce kuskure na farko da ake yi shi ne, in yaro ya gaji da kiwo sai ya kai zomon bayan gari ya sake shi, yana ganin ya 'yanta shi. Ya ce wannan kisa ne a fakaice, domin suna ne kawai ya haɗa zomon gida da na daji, amma halittu ne daban-daban, ko barbara ba sa yi da juna. Asalin zomon gida daga yankin Andalus yake, wato ƙasashen Sifen da Fotugal na yau, kuma dabbar rami ce, tana haihuwar 'ya'yanta tsirara ba gashi, idanunsu a rufe har sai sun yi wajen kwana 10. Shi kuwa zomon dajinmu a fili yake haihuwa, 'ya'yansa suna zuwa da gashinsu, idonsu a buɗe. Farin zomon da aka haifa a keji bai san gudun kare ba, bai san shaho ba, kuma farinsa ma tona masa asiri yake yi.

Haka kuma ya ja kunnen masu zuwa gona cewa in sun ga ɗan zomon daji kwance shi kaɗai cikin ciyawa, kada su ɗauko shi da sunan ceto. Uwarsa tana nan kusa, da gangan take barinsa, takan dawo ta shayar da shi in gari ya yi shiru. Irin waɗannan in an kawo su gida da wuya suke rayuwa.

Ya ce matsalar yasar da zomaye ba a nan kaɗai take ba. A Amurka iyaye kan saya wa yara zomo lokacin bikin Ista, in an kwana biyu an gaji sai a yasar, kuma yawan zomayen da ake watsarwa ne ya sa aka kafa wata ƙungiya mai suna House Rabbit Society a jihar Kalifoniya a shekarar 1988, aikinta karɓar irin waɗannan zomaye da nema masu sabon gida. Ya ce mu nan ba sai mun jira an kafa ƙungiya mai ofis ba, 'yan'uwa uku ko huɗu a unguwa sun isa su ɗauki wannan nauyi.

YADDA AKE CETO

Malam Likita ya ce in ɗan'uwa ya ga zomayen da aka yi watsi da su, abu na farko shi ne ya nemi mai su ya yi masa magana da ladabi, ko dai ya gyara, ko ya ba da su, ko ya sayar. Ya ce ba a tsallaka katangar mutum a ɗauke masa dukiya a ce ceto aka yi, wannan sata ce. In mai su yaro ne, sai a bi ta hannun mahaifinsa.

Abu na biyu shi ne ɗauka. Ya ce al'adar nan ta cafko zomo ta kunne a rataye shi zalunci ce. Kunnen cike yake da jijiyoyin jini, kuma ƙashin zomo marar nauyi ne ƙwarai, ga ƙafafun baya masu ƙarfi, in ya yi harbi a sama ba tare da an tallafe shi ba yana iya karya ƙashin bayansa da kansa, ƙafafun su shanye har abada. Yadda ake yi shi ne a sa hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirjinsa, ɗaya ya tallafi ƙugunsa, a manna shi a jiki. In za a yi tafiya da shi a sa shi cikin kwali mai huji ko kwando mai murfi, kada a cusa shi a buhun leda a ɗaure a bayan babur.

Abu na uku, inuwa da ruwa. Ya ce zomo ba ya yin gumi kamar mutum, ta kunnuwansa yake fitar da zafi, kuma da zarar zafi ya haura digiri 30 ya fara shiga wahala, alhali a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin bazara kan wuce 40, balle a ƙarƙashin kwano. Alamar zafi ya kama shi ita ce ya miƙe a ƙasa, numfashi da sauri, kunnuwa su yi zafi su yi ja, hanci ya jiƙe. In har aka ga yana buɗe baki yana numfashi to ya kusa halaka, domin shi ta hanci kaɗai yake numfashi in yana lafiya. Abin yi shi ne a mai da shi inuwa mai iska, a shafa masa ruwan randa a kunnuwa, a rufa jiƙaƙƙen buhun algarara a saman kejin. Kada a tsoma shi cikin bokiti, kada a zuba masa ruwan ƙanƙara, firgicin kansa yana iya kashe shi.

A nan ne ya ƙaryata maganar da yara ke yi cewa wai zomo ba ya shan ruwa. Ya ce zomo mai kilo 2 yana iya shan kusan rubu'in lita a yini, mai shayarwa kuwa ta fi haka nesa. Ya ce Allah kaɗai Ya san yawan zomayen da wannan magana ta kashe da ƙishirwa.

Abu na huɗu, abinci. Ya ce wanda ya ceto zomo mai yunwa kada tausayi ya sa ya tula masa dusa da tuwo da burodi. Cikin zomo an gina shi ne a kan ciyawa. Tushen abincinsa ingirici ne da harawa, ta gyaɗa ko ta wake, busasshiya marar fumfuna, sai ɗanyen ganye irin na dankali ko zogale a ƙara masa sannu a hankali, dusa kuwa 'yar kaɗan. Karas da kayan marmari kamar alewa suke a wurinsa, ba abinci ba ne. Ya bayyana cewa zomo yana da haƙora 28 kuma dukkansu ba sa daina tsiro har ya mutu, taunar ciyawa ce take goge su. In babu ciyawa sai turamen su yi tsini su riƙa yanka masa harshe da kumatu, ya riƙa dalalar da miyau, ya daina ci, mai shi kuma yana cewa ai zomon nan tsirfa gare shi.

Ya ƙara da cewa kada wanda ya ga zomo yana cin kashinsa ya ɗauka cuta ce. Kashi iri biyu yake yi: busasshe mai kama da ƙwaya, da kuma mai laushi wanda yake sake haɗiyewa don ya samu sauran amfanin abincin. Haka Allah Ya halicce shi. Abin tsoro shi ne a ga kashin ya ƙanƙance ko ya ɗauke. Ya ce duk zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, to a ɗauka hanjinsa ya tsaya, a nemi likita a ranar, kada a ce sai gobe.

Abu na biyar, keɓewa. Ya ce duk sabon zomo, na ceto ne ko na kasuwa, a ajiye shi nesa da na gida mako 2 zuwa 4. Dalili shi ne akwai wata annoba ta zomaye mai sa zubar jini a ciki, wadda aka fara gani a ƙasar Sin a 1984, wani sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010, aka kuma tabbatar da ita a Nijeriya a 2020 a jihohin Kwara da Oyo. Ba ta kama mutum, amma takan share keji cikin 'yan kwanaki, a kwana da zomo lafiya a wayi gari ya mutu, wani lokaci da jini a hanci. Ba ta da magani in ta kama, kuma takalmi da tufafi da kwanon abinci duk suna iya ɗaukarta daga gida zuwa gida. Ya ce wanda ya ga irin wannan mutuwa ya binne gawar da zurfi, ya daina shiga kejin abokai, ya kai rahoto asibitin dabbobi na gwamnati.

Abu na shida, a raba maza da mata. Ya ce cikin zomanya wajen kwana 31 ne, kuma tana iya ɗaukar wani cikin washegarin haihuwa. Wanda ya ceto 5 ya bar su a haɗe, kafin shekara ta zagayo shi ma sai an zo an ceci nasa. A raba 'ya'yan tun suna wata 3.

YADDA AKE GANE LIKITAN DA YA DACE

Da ya zo kan wannan gaɓa, Malam Likita ya ce zai faɗi gaskiya ko da a kan abokan aikinsa ne. Ya ce aikin mafi yawan likitocin dabbobi a ƙasar nan a kan shanu da tumaki da awaki da kaji yake, sai karnuka da kyanwoyi a birane, saboda haka ana iya samun ƙwararren likita wanda bai cika ganin zomo ba. Wannan ba aibi ba ne, aibin shi ne ya ƙi faɗa. Sannan ba duk mai farar riga a shagon maganin dabbobi ne likita ba. Likita shi ne wanda ya yi karatun a jami'a kuma Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya ta yi masa rajista.

Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a nemi likita tun zomo yana lafiya, a je a gaishe shi, a yi masa tambayoyi cikin girmamawa. Tambaya ta farko, shin yakan duba zomaye? Ta biyu, wane maganin kashe ƙwayoyin cuta ne ba a bai wa zomo ta baki? Ya ce wanda ya san zomo nan take zai ambaci dangin fenisilin, irin su amoksisilin da ampisilin, da kuma linkomaisin da kilindamaisin da eritiromaisin. Ya bayyana cewa a hanjin zomo akwai wata babbar jaka cike da ƙwayoyin halitta masu amfani waɗanda suke narkar masa da ciyawa. Waɗannan magunguna in sun bi ta baki sai su kashe masu amfanin, miyagun su samu fili su yaɗu su saki dafi, zawo ya ɓarke, zomo ya mutu cikin kwanaki. Ya ce wannan shi ne abin da kafson maƙwabcin nan ya aikata.

Tambaya ta uku, in za a yi wa zomo aiki, shin za a hana shi abinci tun dare? Ya ce ana yi wa kare haka don kada ya yi amai cikin maganin barci, amma shi zomo ba ya iya amai, kuma barinsa da yunwa tsayar masa da hanji yake yi. Duk wanda ya ce a kwana da shi da yunwa, to da kare yake auna shi.

Bayan tambayoyi kuma sai a lura da aikinsa. Shin ya ɗora zomon a sikeli kafin ya auna magani, ko da ido ya kintata? Shin ya leƙa turamen ciki da fitila, ko haƙoran gaba kawai ya duba? Shin ya tambayi abin da yake ci da yadda kashinsa yake? Yaya ya ɗauke shi? Ya ce likitan da ya ce bari ya duba littafi ko ya tuntuɓi wani abokin aiki, wannan a riƙe shi da kyau, ya fi wanda ya zaro allura tun ba a gama bayani ba.

Game da inda za a nufa, ya ce a fara da asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. A Shika kusa da Zariya akwai cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa wadda take da sashen zomaye, a Vom ta jihar Filato kuma akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi wadda take can tun 1924, inda ake kai samfuri in annoba ta ɓarke.

TAMBAYOYI DA AMSOSHI

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya a kan shafa baƙin mai ko kananzir ga zomo mai ƙazuwa. Likitan ya ce a daina, domin yana ƙona fata kuma zomo yana lashe jikinsa ya haɗiye. Ya ce wasu ƙananan ƙwari ne ke kawo ɓawon, maganin ibamektin yana kashe su in likita ya auna shi daidai nauyin zomon, kuma kada a ɓamɓare ɓawon kunnen da ƙarfi, da kansa yake zubewa in ƙwarin sun mutu. Ya ƙara da gargaɗin cewa maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fifronil yana kashe zomo.

Wani ya ce zomanyarsa ta haihu amma ba ya ganin tana shayarwa, ko ya ba 'ya'yan madarar gwangwani? Ya amsa da cewa ita sau ɗaya ko biyu take shayarwa a kwana, na 'yan mintoci, galibi da dare. A duba 'ya'yan da safe, in cikinsu ya yi ɓul-ɓul kuma jikinsu da ɗumi to suna ƙoshi, a ƙyale su. Abin da za a tsare masu shi ne gafiya da muzuru da kwarkwasa.

Wani kuma ya ce shi ɗalibi ne, ba shi da kuɗin likita. Malam Likita ya ce wannan lissafi kafin saye ake yinsa, domin zomon da aka kula da shi yana iya kai shekara 8 ko fiye. Wanda ba zai iya ba, ya rage yawansu zuwa abin da zai iya, ya bai wa wanda ya san zai riƙe amana. Ya kuma ba da shawarar masu kiwo a unguwa su riƙa tara ɗan abin da ya sawwaƙa duk mako a hannun amintacce, su gayyato likita ya zagaya kejinsu gaba ɗaya, kuɗin zai zo da sauƙi.

A ƙarshe ya koma kan zomaye 5 ɗin nan da suka rage. Ya ce wasu 'yan'uwa biyu ne suka nemi izinin mahaifin yaron, suka mai da kejin ƙarƙashin bishiyar darbejiya, suka riƙa kai harawa da ruwa safe da yamma. Ɗaya ya sake mutuwa, 4 suka warke, da yaron ya dawo hutu aka damƙa masa 2, sauran ya yarda aka bayar. Ya roƙi duk wanda yake da keji a gida da ya leƙa kwanon ruwan kafin ya kwanta a daren nan, kuma duk mai shirin tafiya makaranta ya faɗi sunan wanda zai bar wa amanar tun kafin ya ɗaure akwati.

Daga nan aka rufe zaman da addu'a, aka tashi gab da kiran sallar Magariba.